Ku Shigo Gida

Lamisula, Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin sauka Jos lafiya, sanyin garin bai firgita ki ba, kin kuma dace da abokan ɗaki masu hankali. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare ki a aji, ya tsare ki a asibitin da za a riƙa kai ku koyon aikin jinya. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwar nan da kin riga kin san halinta.

Na san za ki yi dariya ki ce, Baba, ga waya a hannu, me ya kawo biro da takarda? To, ni akawu ne. Da takarda na ci abinci har na yi ritaya, kuma abin da zan gaya miki ya fi ƙarfin ɗan yatsa ɗaya a kan gilashi. Matar Fasto za ta je Jos biki, ita za ta miƙa miki, haɗe da ƙullin yajin da kika manta a kan tebur.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Tun da kika tafi gidan ya yi mini girma. Sai in dafa shayi in ga na jera kofi biyu. Ɗan akwatin wai-fai ɗin nan namu, kin san fuskarsa tana nuna yawan wayoyin da suka shiga cikinsa. Kina nan, biyu yake nunawa. Yanzu yawanci ɗaya ne, kuma ɗayan ni ne. Ina jin kaɗaici, Rifkatu, ba zan ɓoye miki ba. Tsorona kuwa guda ne, kada ki ɓace mini yadda yayanki Ishaku ya ɓace mini. Saboda haka ki sami wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe, don akwai abin da na canza a gidan nan wanda dole ki sani kafin ki dawo hutu.

A ofishinmu na GRA na fara jin sunan abin, saura kaɗan in ajiye aiki. Wata rana aka zo aka zare wayoyin da ke bayan kwamfutocinmu, aka liƙa wani farin abu a bango, aka ce daga yau wai-fai za mu riƙa amfani da shi. Na tambaya mene ne shi, aka ce intanet ne marar waya. Na ce to da me ake shiga? Aka ce har da waya ma ana shiga. Na ce ku ji mini mutanen nan, babu waya, amma sai da waya. Sannan na ƙara da cewa ni tun da na fara aikin gwamnati ban taɓa sa hannu a kan maganar da ta fara da “wai” ba, ba kuwa zan fara da tsufana ba. Ofis ya kwashe da dariya, ni kuma na ji daɗin dariyar har na riƙa maimaita zancen ga duk wanda ya shigo.

Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji. A zamanin tafireta babu wanda ya kai ni sauri a benen ofishinmu. Da kwamfuta ta zo na koya da kyar, amma dai akwai igiyar da zan bi da hannu in ga inda ta nufa. Wannan kuwa babu abin kamawa. Akwai wata abokiyar aikina, Hajja Bintu, sa'ata ce, tare aka ɗauke mu aiki. Ta same ni na durƙusa a ƙarƙashin tebur ina laluben bayan kwamfuta, ta ce, “Malam Yakubu, me ya faɗi?”

Na ce, “Murfin biro.”

Ta ce, “Tashi in nuna maka abin nan, yanzun nan za ka iya. Ni ma nuna mini aka yi.”

Na ce, “Ai na iya, Hajja, aiki ne dai ya sha mini kai.”

Ba ta sake yi mini tayi ba, don mace ce mai kunya. A hankali takardun da ake turawa ta intanet suka koma teburin wasu. Ni da nake buga wasiƙun manya na ƙare aikina ina buga hatimi a bayan ambulan. Babu wanda ya wulaƙanta ni, ni na ture kaina gefe. Don haka, 'yata, a makarantarku duk abin da ba ki gane ba ki buɗe baki ki tambaya. Ki je inda ake rajistar wai-fai na ɗalibai ki ce ke sabuwa ce, a nuna miki. Ki tambayi inda ya fi ƙarfi, ɗakin karatu ne ko bakin aji, da lokacin da jama'a suka fi yi masa yawa har ya riƙa jan ƙafa. In an yi miki dariya, ki yi tare da su, ki sake tambaya. Ni dariyar na zaɓa na bar tambayar, kin kuwa ga inda ta kai ni.

Na gida kuwa Ishaku ne ya kawo shi, lokacin yana makarantar kimiyya, Mamanku tana da rai. Shi ya raɗa masa suna Gidan Mama. Da aka zo sa kalmar sirri, wadda ni nake kira makulli, sai ya kalli Mamanku ya yi murmushi ya rubuta abinsa. Ke kina ƙarama sosai lokacin da take wannan kiran, amma na san kina tunawa. Da an kira sallar magariba a masallacin layinmu, sai ta fito bakin ƙofa da ludayi a hannu ta ɗaga murya, “Ku shigo gida!” Har yaran maƙwabta watsewa suke yi. Wannan kiran ya haɗe ya mayar makulli, kushigogida. Da ya gaya mata, ta kai masa duka da mafici tana dariya, ta ce ya mai da ita abin wasa.

Ni kuma da na ga abu ɗan ƙarami mai tsada a kan tebur, hankalina bai kwanta ba. Kuna fita na ɗauke shi na naɗe a tsumma, na sa a cikin akwatin ƙarfen auren Mamanku, na rufe, na tura ƙarƙashin gado. A ganina na yi dabara, ba ɓarawo, ba ɓera. Kuka dawo kowa ya ɗaga waya sama yana zagaya tsakar gida. Ni ma na taya ku zagin kamfani, na ce dama na faɗa, abin da ya fara da “wai” ba ya ƙarko. Sai da Ishaku ya gaji ya ce, “Baba, wai ina akwatin yake ne?” Da na jawo shi daga ƙarƙashin gado, Mamanku ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, “Yakubu, kai ko fitila aka ba ka ajiya sai ka kife ta da kwano.” Ranar na koyi cewa ƙarfe da bango mai kauri suna tare shi, yana son wuri mai tsayi, a sarari. In kin ga sabis yana wahala a ɗakinku, kafin ki zagi kowa ki matsa kusa da taga, ki ga ko katanga ce ta shiga tsakani. In kin sami irin akwatin nan, kada ki ɗora shi inda rana za ta gasa shi, kada kuma ki bar shi a caji ki fita.

Daga wanda ba ya so, sai na koma wanda ba ya ajiyewa. Kin san halina, in na juya ba na tsayawa a tsakiya. Duk inda na shiga sai na duba ko akwai wai-fai. Wata rana a wurin liyafar wani aure na ga wani a wayata babu makulli, har an rubuta kyauta a jikin sunansa. Na ce yau na tsinci dami. Ina shiga ya buɗe mini wani shafi, ya ce in rubuta adireshin saƙona da kalmar sirrina kafin ya bar ni in wuce. Na rubuta masa tsaf, da hannun akawu, ko harafi ɗaya ban kuskure ba. Bayan kwana biyu sai ga mutanen coci suna sallama ɗaya bayan ɗaya, wata da kunu a fulas, wani da lemo. Ashe an tura wa duk wanda na sani saƙo da sunana cewa ina kwance a asibiti rai a hannun Allah, a taimaka. Suka same ni zaune a kan tabarma ina cin gyaɗa. Kunyar da na ji ranar Lahadi da Fasto ya yi sanarwa a gaban jama'a, har yau in na tuna sai in ji zufa.

To ki kiyaye. Wai-fai da ba shi da makulli, wanda ba ki san mai shi ba, kada ki buɗe asusun bankinki a cikinsa, kada ki rubuta kalmar sirrinki a shafin da ya tare ki. In kin je wuri an ce akwai na kyauta, ki tambayi ma'aikatan wurin ainihin sunansa, don mugu yakan raɗa wa nasa suna mai kama da na gaskiya. In kin yi aiki a kwamfutar makaranta ko ta asibiti, ki fita daga asusunki kafin ki tashi daga kujera. Lambar da ake turo miki ta waya kuwa, ko wa ya kira ya ce ki karanto masa, ki kashe kiran, ko da ya ce shi Fasto ne. Kuma hoton majiyyaci ko takardarsa kada su taɓa bi ta wayarki, wannan amana ce.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Shekarun ƙarshe na Mamanku, da yamma takan zauna kusa da ni tana tsince shinkafa tana ba ni labari, wa ya haihu, wa ya yi faɗa a zumuntar mata ta coci, me aka ce a kasuwa. Ni kuwa kaina na kan waya, ina kallon mutanen da ban sani ba suna gardama a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Sai in riƙa cewa “uhm, uhm.” Wata rana ta katse labarin, ta ce, “Me na ce yanzu?” Na ɗago kai ina kame-kame. Ta ce, “Ba komai, gaishe su.” Yau duk cikin wayar nan muryarta guda ɗaya ce tak ta rage mini, wani saƙo da ta turo ina kasuwa: “Yakubu, ka biyo da tattasai, kada ka kwaso ruɓaɓɓe irin na jiya.” Shi nake saurara. In mutum yana gabanki yana magana, ki kife wayar. Ni kuma in za ki turo mini saƙo, ki riƙa turo murya, ko da cewa za ki yi kin ci abinci. Rubutu ba ya cika ɗaki.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta sa na ɗauki biro. Kin san rabinta, ba ki san sauran ba.

Bayan mun binne Mamanku, Ishaku ya bar makaranta ya karɓi keke napep yana haya. Ya ce kansa ba ya ɗaukar karatu kuma, gara ya nemi abin da zai taimaki gida. Ni kuwa abin da na gani shi ne ɗan akawu yana kiran fasinja a bakin titi, mutanen coci suna kallo. Kina tsaye a ƙofar kicin ranar da na ce masa in ya zaɓi keke to ya zaɓi titi, gidan nan ba na direba ba ne. Ya ɗauki 'yar jakarsa ya fita. Na ɗauka yunwa za ta dawo da shi. Da na gaji da jira na kira lambarsa, aka ce a kashe take.

Ana nan sai na lura da wani abu. Mu biyu ne a gida, ni da ke, amma da la'asar sai akwatin ya nuna uku. Can an jima ya koma biyu. Washegari haka. Na ce lalle wani ɗan unguwa ne ya sami makullinmu yana sha mana data. Abin ya tsaya mini a rai, don ni mutum ne da ba na son a ci ni da wayo. Na kira ki na ce ki canza makullin yanzun nan. Kika ce, “Baba, a bar shi mana, ba wani ci yake yi ba.”

Na ce, “A bar wa? Kin san shi ne?”

Kika sunkuyar da kai. Na daka miki tsawa, na ce ni ba gidan marayu na buɗe ba. Na sa kika rubuta wani dogon makulli mai lambobi da alamomi, wanda ni kaina sai da na kwafe shi a bayan kalanda. Kina dannawa kina jan hanci, na ce ki nemi maganin mura. Washegari da la'asar akwatin ya nuna biyu, na ji daɗi, na ce na yi maganin ɓarawo.

An kwana biyu na je sayen sukari da safe a shagon Ba Modu, dattijon nan da shagonsa ke kallon bayan katangarmu. Ya gaishe ni da yarensa, ya ce, “Wushe, Akawu. Yaron nan lafiya dai ko? Na daina ganin kekensa.”

Na ce, “Wane yaro?”

Ya ajiye ma'aunin ya dube ni. Ya ce, “Wane yaro kuma? Ishaku mana. Kullum la'asar yana zuwa, ya ajiye keke a gindin bishiyar dogon yaro ɗin can jikin katangarka, ya sayi ruwa a wurina, ya zauna. Wani lokaci ko danna wayar ba ya yi, riƙe ta kawai yake. Na ce masa, kai, gidan ubanka ne, ka shiga mana. Ya nuna mini waya ya ce, Ba Modu, ai na shiga, duba, Gidan Mama. Ya ce muddin wannan yana buɗe, Baba bai gama da ni ba.”

Na dafa teburin shagon.

Ya ce, “Ranar ƙarshe ya zo, ya danna, ya danna, ya kashe wayar ya kunna, ya matsa jikin katanga ya sake dannawa. Sannan ya daɗe yana kallon katangar. Ko ruwan bai sha ba, ya tada keke ya tafi. Wallahi, Akawu, ni na ɗauka ka sani. Na ce Akawu mai wayo ne, ya kore shi da baki, ya bar akwati a buɗe.”

Ban san yadda na dawo gida ba, sukarin ma a can na bar shi. Kika tambaye ni ko jikin ne, na ce gwiwa ce. Ban gaya miki abin da Ba Modu ya ce ba, ke ma ba ki gaya mini abin da kika sani ba, muka ci gaba da zama a gida ɗaya kowa yana riƙe da rabinsa. Ba na ganin laifinki ko kaɗan. Wanda ya yi tsawa shi ya toshe bakin da zai gaya masa gaskiya. Amma ki ɗauki wannan daga gare ni: in kin san abin da zai hana babba yin ɓarna, ki faɗa, ko zai yi miki tsawa. A aikin da kika zaɓa, wata rana likita zai yi kuskure a gabanki, ran mutum kuma yana hannunku. Tsawa tana wucewa. Sannan kafin ki rufe wa wani ƙofa, ko ta waya ce, ki fara leƙawa ki ga wane ne a tsaye. Akwatin nan yana iya nuna sunan kowace waya da ta shiga, ashe. Da na tambaya, da na ga sunan ɗana.

Na neme shi. An ce mini yana ɗauko buhunan shinkafa daga Zabarmari zuwa cikin gari. Na hau mota na je, na bi masu keke ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta shi, wani ya ce ya san shi, wani ya ce ya kwana biyu bai gan shi ba. Na dawo da ƙura a ƙafa. Za ki ce me ya hana ni mayar da tsohon makullin tun a lokacin? Ban iya ba, kuma in na ce ki mayar, sai na gaya miki dalili. Halin nan dai na ƙarƙashin tebur, murfin biro. Tsufa bai raba ni da shi ba.

Sai da kika tafi. Ranar da motarku ta tashi na dawo na tarar akwatin yana nuna ɗaya, na zauna a gabansa har shayina ya huce. Washegari na zare shi na sa a aljihu, na tafi wurin mai gyaran waya na bakin kasuwa. Shagon cike da mutane. Na ce da ƙarfi, kowa yana ji, “Ban iya canza makullin abin nan ba, ina so a koya mini.” Babu wanda ya yi dariya, kin ji. Ya nuna mini inda ake shiga, ya ce in rubuta sabon da nake so. Na rubuta. Ya leƙa ya ce, “Baba, wannan ai ya yi sauƙi. Ko lamba ɗaya babu. Duk wanda ya san gidanku zai iya cankarsa.”

Na ce, “Wanda ya san gidan nake nema.”

Na tambaye shi, in waya ta taɓa shiga da wannan makullin tun da daɗewa, za ta gane? Ya ce muddin sunan bai canza ba, makullin ma ya koma yadda yake, kuma mai wayar bai sa ta manta ba, to tana isowa kusa za ta shiga da kanta, ba sai an taɓa ta ba. Na ce ya maimaita. Ya maimaita.

Don haka ga ni nan ina karya shawarar da na ba ki da kaina. Ke ki sa wa naki makulli mai wuya, ki riƙa canzawa. Ni nawa ya koma kushigogida, kuma ba zai sake canzawa ba sai bayan raina. Na ɗauke akwatin daga kan tebur na ɗora shi a tagar da ke kallon dogon yaro, na sa masa bulo a ƙasa don ya ƙara tsayi. Ko babu wuta ina tabbatar da cewa ya sha caji a sola kafin la'asar. Na sani mai yiwuwa ya sayar da wayar, ko ta lalace, ko ya sa ta manta da gidan don haushi. Na san duk wannan, ba sai kin gaya mini ba.

Ran nan ina zaune sai na ga ya nuna biyu. Rifkatu, ban san gwiwar nan tana iya gudu ba. Na fita ko takalmi babu, na zagaya bayan katanga. Babu keke. Ya Falmata ce mai ƙosai zaune a kan kujerarta tana kallon bidiyo. Da ta ga yadda nake haki ta ɓoye wayar a zani, ta ce, “Yi haƙuri, Baban Rifkatu, gwadawa kawai na yi. Na ga an rubuta Gidan Mama, na ce bari in sa abin da Mama take faɗa. Duk layin nan wa bai san kiran ba?” Na ce ta ci gaba da sha, ba komai. Na koma ciki na zauna, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar jana'iza. Yanzu na san yawanci ita ce. Duk da haka, duk sanda ya nuna biyu sai na fita na duba.

Ban taɓa tambayarki ko kina da lambar yayanki ba, yau ma ba zan tambaya ba. In kina da ita, kada ki ce masa Baba ya yi nadama, kada ki yi masa dogon bayani, ba zai yarda ba, ɗana ne, na san irin kan da ya gada. Ki ce masa kawai makullin ya koma na da. Zai gane.

Ke kuma ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Wayarki dogon makullin nan mai lambobi ta sani, wanda na tilasta miki ki sa. Ranar da kika dawo hutun Kirsimeti, kina sauka a bakin layi za ki duba, na san ki, za ki ga Gidan Mama, ki ga ta ƙi shiga. Kada gabanki ya faɗi. Kada ki tsaya a bayan katanga kina dannawa kina tunanin ko Baba ya yi fushi don kin yi kwanaki ba ki kira ba, ko don jarrabawa ba ta yi kyau ba, ko don wani abin da kika yi wanda kike jin kunyar in sani. Ko me kika zama a Jos, ko kin gama ko ba ki gama ba, ko da keke kika dawo, ba a rufe miki ba. Ki sa wayar ta manta da wancan, ki rubuta maganar Mamanku da ƙananan baƙaƙe, a haɗe. In ma kin ga abin zai ɓata miki lokaci, ki jefa ta a jaka ki turo ƙofa, ba na sa sakata da rana.

Ubangiji ya kiyaye ki daga mugun abokin zama da mugun kira da muguwar hanya. Ya ba ki hannu mai sauƙi a kan marasa lafiya, ya ba ki bakin tambaya. Ya tsare Ishaku a duk titin da yake bi, ya kare shi daga manyan motoci da masu mugun nufi, ya bi da shi ta layinmu ko da bisa kuskure ne. Ya ja kwanana in ga ranar da ɗan akwatin nan zai nuna uku, in fita in tarar ba Ya Falmata ba ce. Amin.

Magariba ta yi, ana kira a masallaci. Babu mai fita bakin ƙofa da ludayi, don haka ni zan faɗa a madadinta. Ku shigo gida.

Mahaifinki,
Yakubu.